FAƊUWAR GABA DA BUGUN ZUCIYA: KADA KA RAƊA WA CIWO SUNA KAFIN A BINCIKA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci zuciya ya sa ta aiki dare da rana ba da izininmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.



Akwai wata jarrabawa da mutane da yawa ke ɗauke da ita a ƙirji, ba su da abin da za su nuna wa kowa. Mutum yana zaune lafiya lau, ko ya kwanta bayan isha'i, sai zuciyarsa ta ɗauki gudu kamar an biyo shi. Wani ji yake ta tsallake bugu ɗaya, ta yi tsit, sannan ta dawo da ƙarfi, dam! Wani kuma kamar tsuntsu na fuffuka a cikin ƙirjinsa. Minti biyu, minti goma, ta lafa. Jibi ta dawo. Babu zazzaɓi, babu rauni, babu kumburi. Mu dai duka mukan haɗa su a kalma ɗaya, mu ce faɗuwar gaba.

Wanda ya karye a Dalijan ko Kambaza, kowa ya san za a nufi Aliero ko asibiti da shi. Mai wannan ciwo kuwa, da ya buɗe baki sai ya samu likitoci uku a ƙofar gida. Na farko ya ce, "Wanga abu ba na asibiti ba ne, jifa ce." Na biyu ya ce, "Lahiyakka lau, tunani ne ka sa ma ranka, ka riƙe zikiri." Na uku, mai kemis, ya ce olsa ce, ya ƙulla mishi magani a leda. Dukansu sun yanke hukunci, babu wanda ya auna komai.

To, a Suratul Isra'i, aya ta 36, Allah ya hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa, ya kuma sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu game da su. Raɗa wa ciwon mutum suna ba da sani ba yana cikin wannan hanin, domin sunan da ka ba ciwo shi ke zaɓa wa mara lafiya hanyar da zai bi.

Mu fara da mai cewa jifa ce. Sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne, ruƙya ta shari'a da Alƙur'ani da addu'o'in Annabi (SAW) halal ce, kuma muna kwaɗaitar da ita. Amma wa ya gaya maka wannan bugun sihiri ne? Da zarar an ce "an yi maka", tambaya ta gaba ita ce "wa ya yi?" Nan take sai ido ya koma kan kishiya, ko maƙwabci, ko ɗan'uwan da ake rigimar gona da shi. Zumuncin shekara talatin ya tsinke a kan zato. Daga nan a faɗa hannun boka, alhali ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. An rasa kuɗi, an rasa dangi, an taɓa addini, zuciya kuma tana nan tana bugunta.

Sai mai cewa ƙarancin zikiri ne. Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Haƙiƙa Suratur Ra'ad, aya ta 28, ta koya mana cewa natsuwar zukata tana cikin ambaton Allah, kuma duk mumini ya ɗanɗani haka. Sai dai zuciya tsoka ce kuma, mai jijiyoyi da ƙofofi, tana gajiya kamar yadda ido da gwiwa ke gajiya. Mahaddacin Alƙur'ani yana iya samun ƙarancin jini. Mai tsayuwar dare yana iya samun hawan jini. In ka ce wa mara lafiya imaninsa ne ya yi rauni, ka ɗora mishi kaya biyu: ga ciwo, ga zargin kai. Wasu daga ranar sun daina faɗa wa kowa.

Ku dubi Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda. Bukhari ya ruwaito cewa ranar da wahayi ya fara sauka, Annabi (SAW) ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na makyarkyata. Wannan ba cuta ba ce, nauyin abin da ya gani ne. Amma ga darasi ga mai zama da wanda ya firgita: ta lulluɓe shi, ta kwantar mishi da hankali da kyawawan halayensa, sannan ta ɗauke shi zuwa wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda ke da sani a kan irin lamarin. Tausasawa, sannan a tafi wurin masani.

A Sunan na Abu Dawud kuma akwai ruwayar cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Annabi (SAW) ya je duba shi, ya ɗora hannu a ƙirjinsa, ya gane ciwon zuciya ne, ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, mutumin Saƙif da ya san aikin magani. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta tana da madogara a ingantattun hadisai: Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma a hadisin Usama ɗan Sharik an umarci bayin Allah su nemi magani.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ma ba baƙi ba ne ga wannan fahimta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke cikin garin Gwandu, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, shi ne ya rubuta Masalihul Insan, littafin da ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rasu a 1837, ya bar rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir. Waɗannan su ne malaman tauhidinmu, kuma ba su ga karo tsakanin tawakkali da sanin jiki ba.

To me likitoci suka sani a kan wannan bugu? Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, kuma wani ɗan saƙo mai kama da lantarki ne ke tashi daga ɗakin sama na dama yana ba ta umarnin bugawa. A babban mutum da ke hutawa, tana buga 60 zuwa 100 a minti, wato wajen sau 100,000 a yini da kwana. Subhanallah! Duk abin da ya taɓa wannan saƙo, ko ya ƙara wa zuciya aiki, sai ka ji bugunta. Daga ciki akwai ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga masu ciki, masu jego, masu sikila da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar. Akwai ƙarancin ruwa a jiki, kamar ga manomin da ya wuni a fadamar shinkafa cikin zafin bazara. Akwai saukar suga. Akwai ƙullutun nan na gaban wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo: in ya yi aiki fiye da kima, mutum zai rame alhali yana ci, ya riƙa gumi da rawar hannu, zuciya na gudu. Akwai abin da muke sa wa cikinmu da hannunmu: goro, shayi mai kauri, kofi, lemukan ƙarin kuzari da 'yan kabu-kabu da ɗalibai ke sha, taba, tiramol, har da wasu magungunan mura da na asma. Akwai tsananin damuwa da firgici. Sannan akwai ciwon da ke cikin zuciyar kanta: rikicewar saƙon lantarkin, lalacewar ƙofofinta, ko illar hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba.

Mafi yawan bugun nan ba mai haɗari ba ne, alhamdu lillahi. Amma wani nau'in, in bugun ya zama ba tsari, yana iya sa jini ya daskare ya haura ƙwaƙwalwa, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Daga zaune ba ka iya bambance su. Shi ya sa ake aunawa.

Yanzu ga inda da yawa ke karaya. Mutum ya tara kuɗin mota daga Diggi ko Dangoma, ya je asibiti, an manna mishi wayoyi a ƙirji an yi awon da ake kira isiji, an ce ba a ga komai ba. Ya dawo gida, dare ya yi, bugu ya dawo. Sai mai cewa jifa ce ya yi murmushi: "Ba na gaya maka ba?" A'a. Isiji na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, abin da zuciya ke yi a lokacin shi yake rubutawa. In ɓarawo da dare yake zuwa, mai gadin da ya leƙo da azahar ba zai gan shi ba. Don haka ne ake da wata 'yar na'ura, holta, da ake rataya wa mutum ya koma gida da ita awa 24 ko 48. Akwai hoton zuciya da ake kira eko, mai nuna ƙofofi da ƙarfin tsoka. Akwai awon jini na gano ƙarancinsa, da na suga, da na gishirin jiki, da na ƙullutun wuya. "Ba mu gani ba yau" daban, "babu" daban.

Saboda haka ka taimaki likita. Samu ɗan littafi. Duk sanda abin ya zo, rubuta rana da lokaci, me kake yi, me ka ci ko ka sha, minti nawa ya ɗauka. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ƙirga bugun minti ɗaya cikakke, ka lura a jere yake ko a hargitse. In ba ka rubutu, sa ɗanka. Ranar zuwa asibiti ka tafi da duk abin da kake sha, na kemis da na gargajiya, kada ka ɓoye ko ɗaya. Fara da asibitin da ke kusa da kai, na Gwandu ko na Kalgo. In abin ya ci gaba, ka nemi takardar turawa zuwa Birnin Kabi, asibitin Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ka ce kana son ganin likitan zuciya. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka adana takardun awonka, kada kowane zuwa a fara daga farko.

Amma akwai alamomin da ba a jiran gobe da su: bugu tare da suma ko jiri mai tsanani, ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa musamman in an kwanta, kumburin ƙafafu, bugun da ke tasowa ana tsakar aikin ƙarfi, ko in a danginku an taɓa samun matashin da ya faɗi ya rasu farat ɗaya. Wannan a nemi mota ko da tsakar dare ne.

Magidanta, ga taku. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, har suka ja hankali a kan yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. In mai jego ta ce gabanta na faɗuwa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafa ta kumbura, kada a ce raki ne, kada a ce iskokin jego ne. Mace ba ta zuwa asibiti sai ka ba da izini da kuɗin mota, to ka sani amanar tana wuyanka. Ragon suna yana iya zama ƙarami, ran uwar jariri ba shi da madadi. Dangi da jama'ar masallaci kuma, haɗa wa talaka kuɗin awo sadaka ce mai girma, kada mu jira sai ta'aziyya sannan mu kawo shinkafa.

Kai kuma da ke cikin wannan hali, wata da watanni kana nema ba a gano ba, ka yi haƙuri, Allah yana sane da kai. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa gajiya, da cuta, da damuwa, da baƙin ciki, har ƙayar da ta soki musulmi, Allah yana kankare zunubai da su. Daren da ka raya ido biyu hannu a ƙirji bai tafi a banza ba. Ka riƙe azkar na safe da yamma, ka tofa wa kanka Falaƙi da Nasi, ka rage goro da shayi, ka sha ruwa, ka samu barci. Kada ka bar shaiɗan ya mayar da kai mai gadin bugun zuciyarka dare da rana, waswasi ma yana ƙara mata gudu. In bayan cikakken bincike likita ya ce damuwa ce, to ita ma cuta ce mai magani, ba hauka ba ce, ba kuma raunin imani ba. In an ɗora ka a kan magani, kada ka yanke don ka ji sauƙi, kuma kafin azumi ka tambayi likita yadda za ka sha.

Ajali ba ya gaba, ba ya baya. Amma wanda ya rubuta ajali shi ne ya umarce mu da riƙon sababi. Ɗaure raƙuminka, sannan ka dogara ga Allah.

Ya Allah, Ubangijin mutane, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wanda ciwonsa ya ɓuya, ka bayyana shi ga masu magani. Ka tsare harsunanmu daga zato da faɗin abin da ba mu sani ba. Ka tabbatar da zukatanmu a kan addininka, ka sa bugunsu na ƙarshe ya zo muna kan kalmar shahada. Amin.

Wanda ya san mai fama da wannan, ya isar mishi.