Mudu da Alkawari: Hakkin Wanda Ake Biya a Zamanin Tsada

'Yan'uwa, kowane wata, wajen tsakiyarsa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja takan fitar da wani adadi, gidajen rediyo kuma su karanta mana shi: hauhawar farashi ta kai kashi kaza cikin ɗari. Yawancinmu mukan ji shi ta kunnen dama ya fita ta hagu, gama muna ganin zancen 'yan boko ne da masu banki. Amma adadin nan mudu ne, wanda ake auna wahalar jama'a da shi. Duk inda aka ajiye mudu kuwa, akwai maganar gaskiya da adalci. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake yin wannan awo, abin da yake faɗa da abin da ba ya faɗa, da kuma nauyin da saninsa yake ɗora wa kowannenmu a Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Ga yadda ake awon. Da fari akan binciki gidaje a ga abin da suke kashe kuɗinsu a kai: abinci, haya, sutura, kuɗin mota, magani, makaranta da sauransu. Daga nan sai a haɗa waɗannan abubuwa kamar kwandon cefane guda, a ba kowane abu nauyi gwargwadon rabonsa a cikin kuɗin da ake kashewa. Kowane wata ma'aikata sukan shiga kasuwannin birni da na karkara a jihohi 36 da Abuja, su rubuta farashi. Idan aka gwada kuɗin kwandon na wannan wata da na watan jiya, an sami canjin wata-wata. Idan kuwa aka gwada shi da na irin wannan wata a bara, an sami canjin shekara, shi ne adadin da aka fi karantawa a rediyo. Kada mu raina na wata-wata don ƙanƙantarsa. Ƙarin kashi 2 cikin ɗari kowane wata, in ya hau kan juna har wata goma sha biyu, ya kusa kashi 27 cikin ɗari. Da yayyafi kogi kan cika.

Dattawanmu sun ga irin wannan tun ba yau ba. Sun ga tsadar da ta biyo bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, sun kuma ga shekarar 1995, sa'ad da hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin ɗari. Mu ma mun ga namu. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Disamba na 2024 hukumar ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari, ta abinci kuwa 39.84.

Sai ga abin mamaki: adadin watan Janairu na 2025 ya fito 24.48. Shin kaya sun yi araha ne cikin wata guda? A'a, mudun aka sake. An bar tsohon kwandon da aka kafa bisa shekarar 2009, aka ɗauki sabo bisa 2024, kayan da ke ciki suka ƙaru daga 740 zuwa 934, nauyin abinci kuma ya sauka daga sama da rabi zuwa wajen kashi 40 cikin ɗari. Sabunta kwando ba ha'inci ba ne, kowace ƙasa tana yi, gama abin da mutane suke saye yana sakewa da zamani. Amma wanda ya gwada adadin Disamba da na Janairu ya ce an sami sauƙi, ya yi kamar mai auna hatsin jiya da tiya, na yau kuma da mudu, ya ce rumbu ya ƙaru.

Akwai ramuka biyu da mai sauraro yakan faɗa ciki. Na fari shi ne a ɗauka saukar adadin saukar farashi ce. Mu ƙaddara abin da ake sayarwa Naira 1,000 ya tashi da kashi 30 cikin ɗari, ya zama 1,300. Shekara ta zagayo, aka ce hauhawar ta ragu zuwa kashi 15. To, abin ya zama Naira 1,495 ke nan. Motar ta rage gudu ne kawai, ba ta juyo baya ba. Rami na biyu shi ne a manta cewa adadin matsakaici ne. An haɗa cefanen attajirin Legas da na gwauruwar da ke bayan Kibiya, an raba. Ita kuwa kusan dukan abin da ya shigo hannunta a tukunya yake ƙarewa. In dawa da gero da manja suka tashi, tsadarta ta fi ta ƙasa baki ɗaya, ko da farashin firiji da na kuɗin jirgi bai motsa ba. Adadin gaskiya ne, amma ba shi ne dukan gaskiyar kowane gida ba.

Yanzu mu zo ga tambayar da ta sa muka ɗauko zancen. Mutum ya yi alkawarin biyan ma'aikacinsa Naira 10,000 a wata. Shekara ta wuce, kaya sun tashi da kashi 30 cikin ɗari, shi kuwa yana ƙirga masa dubu goman nan cif, ba ya rage ko kwabo. Ya cika alkawarinsa ko bai cika ba? A bakin alƙali ya cika. Amma dubu goman yau abin da Naira 7,700 ta saya bara kaɗai take saye. Ma'aikacin bai rage ko sa'a guda daga aikinsa ba, amma kusan kwata na abincin 'ya'yansa ya tafi, ba a kuwa ga hannun da ya ɗebe ba.

Abin sha'awa, irin wannan tambaya ce ta haifi ilmin auna farashi tun farko. A Ingila akwai wata kwaleji a Jami'ar Okisfod wadda dokarta, tun ƙarni na 15, ta hana mai samun fiye da fam 5 a shekara cin moriyar tallafinta, sai kuwa mutum ya rantse cewa samunsa bai wuce haka ba. Wani malamin coci mai suna William Fleetwood, wanda daga baya ya zama bishop, ya duba ko mai samun fiye da fam 5 a zamaninsa zai iya yin rantsuwar nan da lamiri mai tsabta. Ya bi tsofaffin takardu, ya gwada farashin hatsi da nama da abin sha da tufafi na zamanan biyu, ya wallafa sakamakon a 1707: fam 5 na lokacin da aka kafa dokar daidai yake da wajen fam 28 zuwa 30 na kwanakinsa. Hukuncinsa shi ne, nufin wanda ya kafa doka yana cikin abin da kuɗin yake saye, ba cikin lambar da aka rubuta ba. In haka ne ga rantsuwa, haka ne kuma ga lada. Sa'ad da muka yi jinga da mutum, ba takarda mai hoto muka yi masa alkawari ba, abin zaman gari muka yi masa.

Ikkilisiya ma ta daɗe da yin magana a kan wannan. A wasiƙarsa ta 1891 mai suna Rerum Novarum, Fafaroma Leo na 13 ya koyar cewa amincewar ma'aikaci kaɗai ba ta mai da lada na adalci, idan ladan bai isa ya riƙe mai tsimi da tanadi ba, gama wanda yunwa ta tilasta masa yarda, ba da son ransa ya yarda ba. Mu duba mafi ƙarancin albashi na ƙasarmu. A 2019 an tsai da shi Naira 30,000, a Yulin 2024 aka ɗaga shi zuwa 70,000. A ido ya ninka har ya wuce. Amma a 2019 dala tana wajen Naira 360, watau albashin ya haura dala 80. A tsakiyar 2024 kuwa dala ta kai wajen 1,500, sabon albashin bai cika dala 50 ba. Wannan ma na masu aikin da doka take gani ne. Ɗan ƙwadagon da ke yankan shinkafa a gonakin rani na wajen Bunkure da Kura, da yarinyar da ke aikatau, da mai gadi, da malamin ƙaramar makaranta mai zaman kanta, sau da yawa ba su da mai tsaya musu sai lamirin wanda yake biyansu.

Wani zai ce: ai mai biyan ma tsadar ba ta ƙyale shi ba. Gaskiya ne, ba kuwa za mu yi wasa da wannan hujja ba. Manomi mai sayarwa ne, mai saye ne kuma. A 2025 farashin masara da shinkafa ya faɗi ƙwarai a kasuwannin Arewa, alhali kuwa taki bai sauko tare da su ba. Abin da ya zama sauƙi ga mai cefane a birni ya zama asara ga wanda ya noma. Wanda ya sayar da buhuna da yawa kafin ya mai da kuɗin takinsa, ba za a ce masa azzalumi don bai ninka ladan 'yan ƙwadago ba. Adalci ba ya neman abin da babu. Abin da yake nema shi ne a raba nauyin, kada a sauke shi duka a kan wanda ya fi kowa rauni. Ga kuma ma'auni mai sauƙi da kowa zai gwada kansa da shi: in na ƙara kuɗin abin da nake sayarwa saboda tsada, na kuma ƙara wa wanda yake mini aiki? Wanda ya san tsada sa'ad da yake karɓa, ya manta da ita sa'ad da yake biya, mudu biyu yake riƙe da su, babba na saye da ƙarami na sayarwa. Sunan wannan a kasuwa tauye mudu, ko da babu hatsi a wurin.

Haka zancen yake ga bashi da adashi. Maƙwabcin da ya ranta mana kuɗi don mutunci, muka ja shi shekara biyu da gangan alhali muna da halin biya, mun mayar masa da ƙasa da abin da ya ba mu, ko da lambar ta cika. Wannan ba izini ba ne ga mai ba da rance ya ɗora ruwa a kan mabukaci da sunan tsada. Gargaɗi ne ga mai cin bashi ya biya a kan kari. A adashi kuma, kwasar fari ta fi ta ƙarshe daraja a shekarar tsada. Ya kamata 'yan zubi su san haka, su riƙa juya layi daga zagaye zuwa zagaye, kada marar baki ya zama shi ne na ƙarshe kullum.

Hukuma ma tana da nata hakki, watau ta riƙe mudun ƙasa da amana. A Ajantina, daga 2007, an yi ta fitar da adadin da ya gaza ainihin tsadar da mutane suke gani, har Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawata wa ƙasar a 2013. Ƙarshenta mutane suka daina gaskata adadin gwamnati, aka ɗauki shekaru kafin a maido da yarda. Don haka muna da iko mu nemi a bar masu ƙididdiga su yi aikinsu ba tare da tsoron masu mulki ba, a kuma bayyana wa talakawa da harshensu duk lokacin da aka sake kwando. Shugaban da ya yi shelar saukar adadi kamar saukar farashi ce, ya faɗi lambar gaskiya don ya haifar da fahimtar ƙarya.

Me za mu yi a namu gwargwado? Mu ajiye namu awon. Kowane gida mai wanda ya iya rubutu, ko zumuntar mata, ko ƙungiyar matasa, za su iya samun ɗan littafi, a farkon kowane wata su rubuta kuɗin mudun dawa, gero, masara, wake da shinkafa, da kwalbar mai, da sabulu, da kuɗin mota daga Rano zuwa Kano, da buhun taki. A yi amfani da mudu ɗaya da kasuwa ɗaya kullum, a kuma gwada kaka da kaka, bazara da bazara, gama hatsi yakan yi araha bayan girbi ya yi tsada kafin sabo ya shigo, ko babu wata hauhawa. Sa'an nan a yi tambaya guda: ladan yini ɗaya mudu nawa yake saye bana, nawa kuma ya saya bara? Da wannan amsa mai biya da wanda ake biya za su zauna, aƙalla sau ɗaya a shekara, su sake duba jingarsu ba tare da faɗa ko roƙo ba.

'Yan'uwa, ba mu ne muke tsai da darajar Naira ba, ba kuma a hannunmu farashin fetur yake ba. Amma ladan da muke biya, da bashin da muke riƙe da shi, da mudun da muke awo da shi, waɗannan a hannunmu suke. Wanda bai san kuɗi ya ƙanƙance ba yana da uzuri. Mu da muka sani, ba mu da shi. Allah ya ba mu zuciyar da za ta auna wa ɗan'uwa da mudun da muke so a auna mana da shi, ya kuma kawo wa ƙasarmu sauƙi. Amin.