Faɗa da Haƙori da Farce

Kowace al'umma tana da salon maganar da take bayyana matsanancin gwagwarmaya da shi. Idan Bahaushe ya ce an yi abu ba ji ba gani, ko kuwa ko a mutu ko a yi rai, Baturen Ingila cewa yake an yi faɗa "tooth and nail", wato da haƙori da farce. Ɗalibanmu kan ci karo da wannan magana a jaridu da littattafan adabi, ana jingina ta ga ma'aikatan da ke kare albashinsu, ko ɗan siyasar da ya ƙi sakin kujera, ko uwar da ke neman ceton ɗanta daga hannun hukuma.

Hoton da ke cikin maganar na dabba ne. Kyanwar da aka ritsa a lungu ba ta da takobi, ba ta da garkuwa, sai abin da aka halicce ta da shi. Saboda haka maganar ta fi dacewa da wanda tura ta kai shi bango, makamai suka ƙare masa, ya koma ga cizo da yakushi.

Sai dai akwai abin lura. Maganar tana faɗa mana yadda aka yi faɗan ne kurum, ba ta faɗa mana ko mai faɗan yana kan gaskiya ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da ta bayyana a rubuce shi ne littafin da Thomas More ya rubuta a shekarar 1534, yana tsare a Hasumiyar Landan. A can ya yi amfani da ita ne wajen kwatanta masu son duniya, waɗanda suka ƙanƙame dukiya da jin daɗi har ajali ya raba su da su. Shi kuwa More, wanda ya taɓa riƙe babban muƙamin shari'a na Ingila, ya ƙi rantsuwar da Sarki Henry na Takwas ya nema a kan shugabancin coci, aka sare masa kai a shekarar 1535. Bai ciji kowa ba, bai yakushi kowa ba, amma bai janye ba.

A nan ne tambayar take. Mene ne ya cancanci mu zage damtse a kansa haka? Mun sha ganin 'yan'uwa ciki ɗaya sun kwashe shekaru a kotu kan gonar gado, har kuɗin shari'a ya cinye gonar, zumunci kuma ya mutu. Mun kuma sha ganin an zalunci maraya a gabanmu, kowa ya kame baki wai haƙuri maganin zaman duniya. A wuri na farko mun fito da haƙori inda ya kamata mu yi haƙuri, a na biyu mun fake da haƙuri don tsoro.

A ganinmu, tsananin faɗa ba ya halatta faɗa. Abin da ke raba ƙarfin hali da taurin kai shi ne darajar abin da ake karewa, da kuma halin da mutum zai fito da shi bayan ƙura ta lafa. Wanda ya ci nasara ta hanyar ƙarya da cin amana ya tsira da kujerarsa, amma ya bar mutuncinsa a fagen fama. Kafin mu wasa haƙora, ya kamata mu tambayi kanmu ko abin da muke riƙe da shi ya fi abin da za mu rasa.