"Nan Kusa Ne"

Duk wanda ya taɓa shirya wa abokai ko 'yan uwa fita shan iska ya san akwai wata 'yar magana da ke sauƙaƙa masa aiki. Ana zaune a bakin tanti da dare, ana shawarar gobe a taka zuwa magangarar ruwa, sai wani ya tambaya ko da nisa. Mai shiri ya ce, "Haba, nan kusa ne." Shi ke nan, musu ya ƙare. Abin da nake son in bincika shi ne ko wannan amsar ƙarya ce, in kuwa ƙarya ce, ko tana cikin irin wadda ake yafewa.

Mu ɗauki Farin Ruwa, a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, inda ruwa ke zubowa daga gefen tsaunukan Jos, tsayin kusan mita 150. Mota ba ta kai mutum gindin ruwan, ragowar hanya da ƙafa ake ƙarasa ta. Idan ka tambayi manomin yankin ya ce maka kusa ne, bai yi maka ƙarya ba. Da ƙafarsa ya auna, ƙafar da ta saba da hanyar tun yana yaro. Mai shirin da ya zo daga Abuja da taswira a waya lamarinsa daban ne. Shi ya san tawagarsa: ya san akwai yayarsa mai ciwon gwiwa, akwai abokin da rabonsa da doguwar tafiya tun hidimar ƙasa, akwai yaro ɗan shekara shida.

Sai dai a yi masa adalci, sau da yawa kansa ya fara ruɗa kafin ya ruɗi kowa. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana wannan hali na ɗan Adam, wato rage lokacin da aiki zai ci, ko da ya sha ganin irin aikin ya wuce lissafi. Mu masu rubuta manhaja mun fi kowa saninsa, domin "kwana biyu" a bakinmu kan zama mako uku, kuma da zuciya ɗaya muke faɗa. Amma tafiyar ƙafa tana da ma'auni. Tun 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya ba da ƙiyasi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A ce hanya kilomita 4 ce da hawan mita 200. Zuwa da dawowa ya kusa awa biyu, ga lafiyayye, ba hutu, ba salla, ba santsin dutse bayan ruwan sama. Dawowar ma ita aka fi mantawa, kamar ruwan ne zai maido mutane tanti. Wanda lissafi irin wannan ke hannunsa ya ƙi yi, uzurinsa na rashin sani ya yi rauni.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren mai shiri ita ce: da na faɗi gaskiya da rabinsu ba su je ba, ga shi kuwa sun je suna ta godiya. Akwai gaskiya a ciki. Mutane da dama ba su san iyakar ƙarfinsu ba sai an ja su, kuma wanda ya tsaya a gaban Farin Ruwa da damina, feshin ruwa na dukan fuskarsa, da wuya ya ce ya yi da-na-sani. Matsalar hujjar ita ce waɗanda suka isa kaɗai take ƙirgawa. Yayar nan da ta zauna a kan dutse a tsakiyar hanya, tana jiran a dawo a same ta, ba ta cikin hoton da aka ɗora a Instagram. Ita ma ta amince da tafiyar, amma tafiyar da aka siffanta mata, wadda babu ita. Da an gaya mata awa uku ce, wataƙila da ta zauna a zango ta sha shayinta, wataƙila da ta sa takalmin kirki ta riƙi sanda da ƙarin ruwa. Duka biyun zaɓinta ne, an kuma ɗauke mata shi da kalma uku.

Malamanmu sun ambaci wurare uku da aka yi sassauci a kan faɗin abin da ba haka yake ba: yaƙi, sulhunta mutane, da zance tsakanin ma'aurata. Jan mutum yawon buɗe ido ba ya ciki.

Inda abin ya fi ba ni wahala shi ne tsakiyar hanya. An riga an yi nisa, komawa ya fi ƙarasawa tsawo, wani ya tsaya yana haki yana tambaya saura nawa. A nan "saura kaɗan" ba ta ƙwace masa wani zaɓi, domin zaɓin ya riga ya wuce, kuma tana iya ɗaga masa ƙafa. Na kusa in halatta ta. Abin da ya hana ni shi ne ko a nan mutum yana yanke hukunci da abin da ka faɗa masa: ya shanye ruwan gorarsa ko ya rage, ya ƙure ƙarfinsa ko ya yi tattali. Sannan ba ta aiki sai sau ɗaya. A karo na uku ba mai saurarenka, har lokacin da za ka ce a juya don hadari ya haɗo, alhali rafin da aka tsallaka da safe yana iya cika cikin ɗan lokaci idan aka yi ruwa a kan tudu.

Saura yaron. Shi ba ya fahimtar kilomita, kuma kowa na ganin ba komai a ce masa an iso. Amma akwai ruwayar Abu Dawud game da uwar da ta kira ɗanta da alƙawarin za ta ba shi wani abu, aka sanar da ita cewa da ba ta ba shi ba da an rubuta mata ƙarya. Yaro yana buƙatar ma'aunin da ya dace da shi, kuma hanyar magangara tana da nata: ana jin rugugin ruwan tun kafin a gan shi. Ana iya ce masa bayan wancan hawan akwai wani, ya kasa kunne, duk wanda ya fara jin ƙarar ruwa ya faɗa.