Inda Ake Barin Jirgi: Tambaya a kan Ajiya da Amana

Akwai mutane a duniya da suka mai da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska gidansu. Suna bin gaɓar teku sannu a hankali, daga Dakar zuwa bakin kogin Gambiya, daga can zuwa Kazamansa, su kwana nan, su yi mako can. Komai daɗewa, akwai ranar da mai jirgi zai hau tudu ya yi nisa: ko an aiko masa mahaifiyarsa ba lafiya, ko guzuri ya ƙare sai ya koma ƙasarsu ya yi aikin wata uku. Jirgi kuwa ba ya shiga jaka. Tilas a bar shi a kan ruwa ba kowa a ciki. To, a ina za a bar shi?

Matuƙa sun san abin da suke dubawa. Suna neman lungun da tudu ya kare daga iska ta kowace fuska. Suna binciken ƙasan ruwa, domin anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ta riƙe jirgi, tana kama laka da yashi mai tauri, amma a kan fa ko ciyawar ruwa sai ta yi ta sulɓewa. Suna lissafin cikowar teku da janyewarta, su naɗe igiya a inda take gugar ƙarfe don kada ta tsinke. Duk wannan sani ne na gaske. Amma a watan Satumba na 2004 guguwar Ivan ta afka wa tsibirin Giranada, a tekun Karibiyan, wurin da matuƙa da kamfanonin inshora suka ɗauka yana kudu da hanyar guguwa, har ake kai jirage can musamman domin su tsira. Jirage masu ɗimbin yawa suka lalace, na kan ruwa da waɗanda aka ɗora a tudu. Wurin da aka yi shekaru ana yabo ya ba da kunya a yini guda.

Ƙaramar hukumar Galma Kudawace, cikin gundumar Madawa a jihar Tawa, ba ta da teku, ba ta da kogin da ke gudu shekara duka. Duk da haka, babu wanda ya fi mutumin wannan yanki sanin tambayar mai jirgi. A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, da zarar an ɗaure damman hatsi sai matasa da magidanta su kama hanyar biɗa: Kano, Legas, Abijan, Libiya. Kowannensu yana barin abin da ba ya ɗaukuwa: rumbu ko rufewa cike da hatsi, sa da amalanke, injin ban-ruwa a fadama, wani lokaci har da albasar da aka jibge cikin rudu ana jiran kuɗinta ya tashi. Waɗannan su ne jiragensa, kuma rani ne tekun da zai bar su a kai.

Abin da ke cin dukiyar da aka bari

In aka ce tsaro, hankali yakan tafi ga ɓarawo. Alhali kuwa abin da ya fi cin dukiyar matafiyi ba ya haura katanga. A cikin jirgi, ruwan sama ne ke taruwa kaɗan kaɗan, batir ya mutu, famfon da ke kwashe ruwan ya tsaya, igiya ta ci kanta da guga. A cikin rumbu, gara ce da ɓera da ƙwari. A cikin rudu, albasa guda ce za ta ruɓe ta shafa wa maƙwabtanta, in ba a sami mai shiga yana tsincewa ba. Sa kuwa, ko an ɗaure shi a garke mafi kyau a gari, ƴan kwanaki ba ruwa sun ishe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuma tana farawa ne siririya, yadda wanda ke dubawa kullum kaɗai zai gan ta.

Ke nan wuri mai kyau yana rage hatsari, amma ba ya gani, ba ya ji, ba ya tashi tsakar dare don iska ta juya. Shi ya sa gogaggen matuƙi, bayan ya gama auna zurfi da iska, yakan nemi masunci ko mai gadi a bakin gaɓa ya ce masa ya riƙa leƙawa. Neman wuri yana ƙarewa ne ga neman mutum, kuma da an kai ga mutum an fita daga ilimin ruwa an shiga zancen hali.

Fataken Hausa sun daɗe da gane haka. A kan hanyar goro ta Gwanja, da kuma zangunan da suka biyo bayanta a Kumasi da Ibadan, baƙo ba ya tambayar wane ɗaki ya fi ƙarfin ƙofa, tambayarsa ita ce wane ne mai gidan. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan kuma ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda mai gida ke saukar da ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya tsaya masa a kan bashin shanu, kusan duka ba tare da takarda ba. Jarin mai gida sunansa ne. Ranar da aka ji ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Arewa, gidansa ya bushe.

In ajiya ta salwanta, laifin wa?

A nan ne zumunci ke yawan karyewa. Mutum ya dawo daga Abijan ya tarar sa ya mutu, ko rabin hatsi ya zama gari. Zuciyarsa za ta ce wanda aka bar wa shi ke da alhaki. Shari'a ba ta saurin faɗin haka. A Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa tun ƙarnuka, wanda aka ba ajiya amintacce ne: in ya ce ta halaka ana gaskata shi, ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka. Kundin dokokin Faransa na 1804, wanda Nijar ta gada, ya zo da ma'auni mai kama da wannan a ayarsa mai lamba 1927: a kula da ajiya yadda ake kula da abin kai. Aya ta gaba ta tsaurara wa wanda ake biya lada, ko wanda ya kawo kansa ya ce a ba shi.

Hikimar da ke ciki a fili take. Da za a ce duk abin da ya sami ajiya sai mai riƙo ya biya, ko annoba ce ko gobara, da babu mai hankalin da zai karɓi ko akuya. Ana auna shi da kulawar da ya yi, domin ita ce ke hannunsa, guguwa ba ta hannunsa. Sai dai wannan sassauci yana buɗe wata ƙofa: tunda ana gaskata shi, me zai hana shi cinye san ya ce ya mutu? Masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya kawo irin wannan misali a 1788: ajiya tana hannun mutum, mai ita ya rasu bai bar shaida ba. Amsarsa ita ce, in kowa ya ɗauki musun irin wannan ajiya a matsayin ƙa'ida, ajiya kanta za ta ƙare a duniya. Mutumin Galma zai fahimci wannan ba tare da an yi masa dogon sharhi ba. Garin da kusan kowane gida ke da ɗan biɗa yana rayuwa ne a kan yiwuwar tafiya a bar abu. Wanda ya ci amana guda ya cuci mai ita, ya kuma sa gobe wani ya sayar da sansa da arha kafin ya tafi, don ba ya da wanda zai bar wa.

Wani zai ce, to a bar dogaro da hali, a koma ga kwaɗo da takarda. Akwai gaskiya a ciki. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da wani tsari a Nijar, da taimakon hukumar FAO, inda manoma ke ajiye amfanin gona a magazin su karɓi bashi a kansa. Ƙofar magazin kwaɗo biyu gare ta: mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashin, ba mai buɗewa shi kaɗai. Wannan ba zargin kowa ba ne. Tausayi ne ga ɗan Adam, don kada a bar shi shi kaɗai da hatsin jama'a a watan da ƴaƴansa ke kwana da yunwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Ƙirga damma a gaban mutum biyu kafin tafiya yana kare mai riƙo daga zato kamar yadda yake kare mai kaya daga asara. Amma kwaɗo ba ya tsince ruɓaɓɓiyar albasa, takarda ba ta shayar da sa. Suna taimakon amana, ba su iya zama a madadinta.

Hakkin da ke kan mai tafiya

Akwai rabin zancen da ba a cika faɗa ba. Kowa ya iya wa'azi ga wanda aka ba amana, kaɗan ne ke tambayar wanda ya bayar. Farko dai, zaɓi nasa ne, kuma ba a ba kura ajiyar nama: wanda ya ɗora kaya a kan wanda ya san ba zai iya ba, yana da rabo cikin abin da ya biyo baya. Na biyu, ajiya tana da tsada. Sa yana cin harawa da dusa, rudu yana cin lokaci, kuma aya ta 1947 ta wancan kundi ta wajabta wa mai kaya mayar da abin da aka kashe wajen kiyaye kayansa. Na uku, ajiya tana da wa'adi. A mashigan ruwa da dama na duniya akwai jiragen da masu su suka ce za su dawo bayan wata biyu, shekaru suka wuce, suka zama kangon da ke barazana ga jiragen maƙwabta. Haka a Adar akwai wanda ya ce sai faɗuwar ruwa, damina uku ta wuce ba saƙo, alhali wayar salula tana aljihunsa kuma aika kuɗi ya zama aikin yini guda.

Mafi nauyi shi ne, sau da yawa mai riƙon ba a tambaye shi ba. Mace ce da ƴaƴa, ko tsoho, ko ƙane da aka fitar daga makaranta don ya yi kiwo. An ɗauke su tamkar lungun ruwa da ake ɗaure jirgi a juya baya, an manta cewa su ma suna gajiya, suna da buƙata, kuma su kansu amana ne a wuyan wanda ya tafi. Matar da ta buɗe rumbu ta ciyar da yara a watan da ba a aiko da komai ba, ba ta ci amana ba, ta sauke wadda ta fi girma ce.

Saboda haka mai shirin tafiya, na teku ko na tudu, ya duba wuri da kyau, domin sakaci ba tawakkali ba ne. Sa'an nan ya zauna da wanda zai bar wa, ya nemi yardarsa, su ƙirga a gaban shaidu, ya bar abin ɗawainiya, ya faɗi ranar dawowa, in ta sauya ya aiko. Wanda ya yi haka, ko ya dawo ya tarar da asara, zai tarar da mutumin da zai iya sake bar wa baɗi.