Shin Gwada Maganin Gargajiya Raina Magabata Ne?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Bayan haka, akwai mas'alar da kan jawo gardama tsakanin masu magani da masana kimiyya. Idan aka ɗauki sassaƙen hano, wanda Hausawa suka daɗe suna jiƙawa domin ciwon gaɓoɓi da kumburi, aka kai shi ɗakin bincike don a gwada, shin an raina ilmin iyaye da kakanni ke nan?

Masu cewa an raina suna da hujjarsu, wato abin da aka yi zamani da zamani ana sha ba ya bukatar shaidar ɓera. Sai dai ciwo yakan lafa da kansa, mai jiƙo kuwa ya ɗauka jiƙonsa ne ya yi aiki. Haka kuma wanda ya warke yakan dawo ya yi godiya, amma wanda jiƙon ya taɓa masa ƙoda ko hanta ba ya sanin daga inda lahanin ya zo.

Gwaji kuwa ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa sharuɗɗa bakwai na gwada magani a littafinsa Al-Kanun. Daga cikinsu akwai cewa a gwada shi kan cuta guda wadda ba ta cuɗanya da wata ba, a ga amfaninsa ya maimaitu sau da yawa, kuma a tabbatar da shi a jikin ɗan Adam, domin jikin dabba daban ne. Masana na yau ma sukan fara da ɓeraye, su jawo kumburi a tafin ƙafarsu, su auna saɓewarsa, kana su kai ga mutanen da suka yarda da bakinsu.

Ta irin wannan hanya aka sami asfirin. Mutanen da sun yi ta shan ɓawon itacen wilo domin zazzaɓi da raɗaɗi, har aka ware sinadarinsa a 1828, aka kuma haɗa asfirin a kamfanin Bayer na Jamus a 1897. Binciken da ya gaskata magabata shi ne kuma ya bayyana cewa asfirin kan sa ciki zubar da jini.

Saboda haka gwaji riƙon amana ne, kuma amanar ta hau kan kowa. Wajibi ne mai magani ya daina cewa ganye ba ya illa, ya faɗi iyakar saninsa. Wajibi ne mai bincike ya bayyana sakamako ko da bai yi masa daɗi ba, ya tausaya wa dabbar gwaji, kada kuma ya danne haƙƙin wanda ya nuna masa itacen. Ran majinyaci ne a hannunsu, kuma za a tambaye su a kansa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.