WA ZA KA BA AIKINKA? HUKUNCIN ƊAUKAR MA'AIKACI A MUSULUNCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba wa bayinsa sana'o'i, ya sanya kowa yana bukatar hannun ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, da yawanku yanzu ne kuka fara riƙe kuɗi. Wani yana tada ɗaki domin aure ya matso, wani ya samu babur ko mota yana neman abinci da ita, wani mahaifinsa ya ce je ka nemo mana birkila. Wani kuma an sa shi cikin kwamitin ginin masallaci ko makarantar Islamiyya, kuɗin da ke hannunsa na sadakar jama'a ne. Duk wanda ke cikin ɗayan waɗannan, dole wata rana ya tsaya gaban mai sana'a ya yanke shawara: in ba shi, ko kada in ba shi? To, wannan shawara addini ce, kuma Alƙur'ani da Sunna ba su bar mu cikin duhu a kanta ba.

Ku buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 23 zuwa ta 28. Annabi Musa (A.S.) ya iso Madyana yana baƙo, ba gida, ba guzuri. Ya tarar da mata biyu sun tsare dabbobinsu a gefe saboda cunkoson makiyaya, ya shayar musu, bai nemi ko anini ba. Da ɗaya daga cikinsu ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, sifa biyu kawai ta kafa hujja da su, watau ƙarfi da amana. Ba ta ce ɗan wane ne ba, ba ta ce ɗan garinmu ne ba. Kuma ba da ka ta yi magana ba. Malaman tafsiri sun kawo cewa ƙarfinsa ta gan shi da idonta a bakin rijiya, amanarsa kuwa ta gan ta a kan hanya, yadda ya kame idonsa. A Suratu Yusuf aya ta 55, da Annabi Yusufu (A.S.) ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasar Masar, sifa biyun nan dai ya ambata, tsarewa da sani.

Ƙarfi a nan ba ƙwanji kaɗai ba ne. Ƙarfin kowane aiki shi ne iya shi. Ƙarfin tela yanka da ɗinki, ƙarfin bakanike ya ji ƙarar inji ya gane inda cutar take, ƙarfin likita sanin cuta da magani.

Yanzu bari in zo kan inda mu masu zuwa karatu muka fi faɗawa rami. Sai ka ji yaro ya ce, ai wane ɗan'uwa ne, sahun farko yake salla, ga gemu, ga wando bai wuce idon sawu ba, shi za a ba wayarin ɗin masallaci. Madalla da gemu, sunna ce, ba mai ja. Amma gemu ba ya haɗa waya. In bai san cewa wayar soket ta fi ta ƙwan fitila kauri ba, ya sa mai lamba 1.5 inda ake bukatar mai lamba 2.5, ranar da aka jona hita ko dutsen guga wayar za ta yi zafi ta kama, kuma wuta ba ta tambayar aƙidar wanda ya yi aikin.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo yana yaba wani a gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.). Sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko hulɗar dinari da dirhami ta taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a. Umar ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa a ce an san shi ba. Jama'a, Umar fa ke nan, wanda ya fi ni da ku girmama salla nesa ba kusa ba.

Ga abin da ya fi wannan. Lokacin hijira, a shekara ta 622 ta Miladiyya, Kuraishawa sun sa ladan raƙuma 100 ga wanda ya kawo Manzon Allah (S.A.W.). A wannan hali ne shi da Sayyidina Abubakar suka ɗauki ɗan jagora da lada, mutumin ƙabilar Banu Dil, wanda littattafan tarihi suka kira Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Imamul Buhari ya kawo labarin cikin babin ijara, ya kuma bayyana cewa mutumin a lokacin yana kan addinin Kuraishawa. Me ya sa aka ɗauke shi? Gwani ne na hanyoyin sahara, kuma an amince da shi. Suka ba shi raƙumansu biyu, suka yi alkawarin haɗuwa a kogon Sauru bayan kwana 3. Ya zo a kan lokaci, ya bi da su ta hanyar gaɓar teku, bai sayar da su ba. Ku auna wannan da labarin Abu Zarri (R.A.) da ke cikin Sahihu Muslim. Sahabi ne mai gaskiya da gudun duniya, ya nemi Annabi ya ba shi muƙami, Annabi ya hana shi, ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, muƙami kuwa amana ce. Aka ba mushriki jagorancin hanya domin ya iya, aka hana sahabi muƙami domin ba zai iya ba. Saboda haka wanda ya ce ba zai ba ƙwararren injiniya aiki ba don ba Musulmi ba ne, ko don ba ɗan ƙungiyarsu ba ne, sa'an nan ya miƙa wa wanda bai iya ba, to, kada ya jingina wannan ga sunna. Son zuciyarsa ne.

Kada wani ya juya maganata. Idan aka samu Musulmi mai tsoron Allah kuma gwani, shi ne kan gaba, ba gardama. Matsalar ita ce haɗuwar sifofin biyu a jikin mutum ɗaya ta yi ƙaranci, kuma ba yau ta fara ba. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan hijira, ya faɗi haka cikin littafinsa Assiyasatus Shar'iyya, ya kuma ba da mafita: a dubi irin aikin. In ajiyar dukiya ce, a gabatar da mai amana. In aiki ne da ke bukatar ƙwarewa, a gabatar da gwani. In ana bukatar duka biyun kuma mutum ɗaya bai tara su ba, a haɗa mutum biyu. Wannan fiƙihu ne da kwamitin masallaci zai yi aiki da shi gobe da safe. Gwanin magini ya yi gini, amintaccen dattijo ya riƙe makullin sito yana ƙirga buhunan siminti da rodi. Ba wulaƙanci a ciki.

Wanda yake ganin abin wasa ne, ya tuna ranar 1 ga Nuwamba 2021, da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas ana cikin gininsa, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin kansa. Ya tuna ranar Juma'a 12 ga Yuli 2024, da ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos, yara suna cikin aji, rai 22 suka salwanta. In an ce ƙaddara ce, mun yarda, babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah. Amma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Cikin Buhari, da aka tambayi Annabi (S.A.W.) yadda tozarta amana yake, sai ya fassara shi da danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba, ya kuma sa shi cikin alamomin tashin ƙiyama.

To, yaya za ka gane na ƙwarai? Ba ta wurin boka ba dai, ba ta wurin mai duba ba, wannan mun riga mun san hukuncinsa. Yi abin da 'yar dattijon Madyana ta yi, ka gani da idonka. In magini ne, kada ka tsaya ga ginin da ya gama jiya, sabon fenti yana rufe kowane aibi. Ka ce ya nuna maka wanda ya ci damina uku ko huɗu. Dubi bango ko ya tsage, dubi silin ko akwai tabon yoyo, sa'an nan ka keɓe da mai gidan, ba a gaban maginin ba, ka tambaye shi: ya gama a kan lokaci? Ya dawo neman ƙari bayan an yi jinga? Kayan da suka rage, ya nuna maka su ko sun yi ƙafa? Wanda aka tambaya kuma wajibi ne ya faɗi gaskiya. Wannan ba ya cikin gibar da aka haramta, nasiha ce. Annabi da kansa ya bayyana wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu aibin mutum biyu da suka nemi aurenta, da ta zo neman shawara.

Sa'an nan ka fara gwada shi da ƙaramin aiki. Kafin ka ba kafinta rufin gida, ba shi ƙofa. Kafin ka bar wa bakanike mota ya sauke inji, ba shi birki, ka ce ya ajiye maka tsohon kayan da ya cire. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ka kuma lura da bakinsa. Wanda ya iya cewa wannan ba fannina ba ne, je wurin wane, riƙe shi da kyau. Wanda kuwa komai ka ambata ya iya, gini shi ne, walda shi ne, famfo shi ne, yi hattara. Haka mai yawan rantsuwa tun ba a tuhume shi ba.

Kai ma sai ka san wani abu kaɗan daga aikin, don kada a mai da kai ɗan kallo a kan dukiyarka. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, kuma yana son ruwa a kwanakin farko. Wanda ya zuba dakin yau, jibi ya ce a cire katako a ɗora bulo domin ana sauri, ka san da wa kake tare. Inda zane ya ce rodi mai lamba 16, je ka duba da kanka kafin a zuba kankare, domin in an rufe, 12 da 16 duk ɗaya ne a ido. Bene kuwa ba aikin birkila kaɗai ba ne. A Nijeriya akwai hukumar COREN da ke rajistar injiniyoyi, kamar yadda likitoci da masu haɗa magani suke da nasu hukumomin. Tambayar mutum takardarsa ba raini ba ne. Takarda ba ta tabbatar da amana, amma tana rage maka 'yan sojan gona.

Da na ambaci magani, bari in ɗan tsaya. Mai kemis na unguwa izininsa na sayar da wasu magunguna ne, ba na yin allura da ƙarin ruwa ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likita ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Kai kuma da ka kai masa matarka ko ɗanka don gudun layin asibiti, shirya amsar da za ka bayar.

In kun daidaita, ku rubuta. Dattijon Madyana da Annabi Musa, mutanen kirki biyu, sai da suka yanke wa'adi a fili, shekara 8 ko 10, suka yanke lada, kafin a fara aiki. Mu kuwa sai ka ji an ce haba, ai ba komai, yi kawai, ma daidaita. Daga nan rigima ke farawa, har a daina gaisawa a masallaci. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san aiki, a san lada a cikin ijara. Takarda ɗaya ta isa: mene ne aikin, wa zai sayi kaya, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a ba da sauran, yaushe za a gama, da shaidu biyu. Kada ka zube kuɗi duka tun farko, ko da ƙaninka ne. Ba zargi ba ne, taimakonsa ka yi, domin kuɗin da aka cinye kafin aiki shi ke sa tela ya riƙa ɓuya ana jibi salla.

Ku kuma masu sana'a da ke cikinmu, ku ji abin da ke cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni. A mazhabar Malik, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su shagonsa, shi ke da lamuninsu in sun ɓata ko sun lalace, ko da lada yake aikin ko kyauta, sai fa in an kafa shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. Tela ya ƙone shadda da dutsen guga, ya biya. Mai gyaran waya ya ce ta ɓace a shago, ya biya. Bakanike ya ɗauki motar mutane ya tafi ɗaurin aure da ita ya buga, wannan ma ba a tsaya tambaya ba.

Saura kai mai ba da aiki. Da yawa masu kukan babu ma'aikatan kirki, su suka kore su. Gwani ya faɗi kuɗinsa na gaskiya, ka ce ya yi tsada, ka kira wanda ya yarda da rabi, alhali ka san rabin nan bai isa sayen kayan ƙwarai ba. Daga ina kake so ya cike gurbin? Daga simintinka. Araha ba ta ado. Wani kuma an gama masa aiki tsaf, sai ya shiga je ka dawo, yau Alhaji ya yi tafiya, gobe banki ba sabis, lebura yana tsaye a ƙofar gida tun hantsi, iyalinsa ba su ɗora tukunya ba. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Buhari kuma ya kawo hadisi ƙudusi inda Allah ya ambaci mutum uku da shi da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar ƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. In akwai wanda ke karanta wannan takarda yana riƙe da ragowar kuɗin wani birkila ko kafinta, ya ajiye ta, ya je ya neme shi kafin sallar magariba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.