Littafin Farko: Don Yaro Muke Zaɓe Ko Don Kanmu?

Yaro ɗan shekara biyar ba ya zaɓen abin da zai fara karantawa. Iyayensa ke zaɓa masa, shi kuma ya ɗauki sakamakon har tsufansa. Saboda haka nake ganin zaɓen littafin farko amana ce, kuma duk amana tana da hisabi.

A nan Gadarif maganar ta zama dole a kanmu tun bayan yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Makarantu sun rufe, da yawansu suka koma masaukin waɗanda suka gudo daga Hartum, sannan daga Wad Madani a Disamba ta wannan shekarar. Uwa da uba suka wayi gari su ne malamai. A shirin da nake gabatarwa a rediyo, tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce: da wane littafi za mu fara?

Yaron Bahaushe a garin nan yakan tashi da harshe biyu, Hausa a tsakar gida, Larabcin Sudan a titi da kasuwar riɗi. Amma harshen littafi, wato Larabcin fusha, babu wanda yake ciniki da shi. Matsayinsa ya yi kama da na Latin a wajen wasu iyaye a Amurka masu koyar da 'ya'yansu a gida. Su ma gardamarsu ke nan: a fara da haddar ƙa'idojin nahawu, ko a jefa yaro cikin labari mai sauƙi, kamar yadda Hans Ørberg ɗan ƙasar Denmark ya tsara littafinsa da babu wani harshe a ciki sai Latin.

Mu abu uku ne a gabanmu. Akwai Ƙa'ida Bagadadiyya, mai fara wa yaro da baƙaƙe, sannan wasulla, sannan haɗa su. Akwai Ajrumiyya, ɗan littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum wanda ya rasu a Fas a 1323. Akwai kuma Hausar boko, wadda da yawanmu muke magana da harshenta amma ba ma iya karanta ta.

Wani uba zai ce shi Ajrumiyya yake so ɗansa ya haddace tun yana shekara shida. In ka tambaye shi dalili, sai ka tarar abin da yake hange shi ne ranar da baƙi za su zo, a kira yaro ya zuba babi guda da ka, a yi ta sa albarka. Ban raina hadda ba. Da ita magabata suka adana ilmi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai tanƙwarawa tana da iyaka, in an wuce ta karyewa ake yi. Yaron da bai iya haɗa baƙi uku ba, aka ɗora masa rabe-raben i'irabi, abin da zai koya shi ne karatu wahala ce da ake sha don a faranta wa manya. Wannan uban kansa ya yi wa zaɓe, yaro ne ya biya.

Wani kuma zai ce boko ba shi da amfani a Sudan, tunda jarrabawa da takardun hukuma duk da Larabci ake yi. Maganarsa tana da nauyi. Amma mu tuna yadda muka zo nan. Kakanninmu hanyar hajji ta kawo wasu, wasu kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, wadda ta kai Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Sun baro ƙasar Hausa kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, don haka rubutun da aka buga Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da shi bai biyo su ba. Yau ɗan'uwanka na Katsina da boko yake rubuto maka saƙo a WhatsApp. In na hana ɗana waɗannan baƙaƙe, na yanke masa zumunci da dangin da bai riga ya sani ba, ba tare da na nemi yardarsa ba. Su ne kuma baƙaƙen da zai koyi Turanci da su nan gaba.

Ma'aunin da nake bai wa masu saurare guda uku ne. Na farko, littafin da mai koyarwa zai iya koyarwa. Littafi mai kyau a hannun uwar da ba ta san shi ba bai kai mai sauƙi da ta mallake shi ba. Na biyu, ya dace da inda yaro zai koma. Riwayar Duri ta yaɗu a Sudan, kakanninmu da Warshu suka zo, mus'hafan da ake sayarwa yawanci Hafsu ne, sai a tambayi malamin halwar unguwa kafin a saba wa bakin yaro da guda. Na uku, gobe yaro ya dawo kan tabarma da kansa, ba sai an nuna masa tsumagiya ba.

A kan wannan, ni da Bagadadiyya nake cewa a fara, zama gajere kullum da safe, ana yi wa yaro bayanin kowane darasi da Hausa. In ya iya karanta layi guda ba taimako, sai a gabatar masa da boko ta hanyar tatsuniyar da ya riga ya ji a bakin kakarsa. Ajrumiyya ta jira shi har ya fara tambayar me ya sa ƙarshen wannan kalma ya canja.

Kafin ka miƙa kuɗin littafi, ka tambayi zuciyarka wa zai ji daɗin wannan zaɓe bayan shekara ashirin. In amsar kai kaɗai ce, ka mayar da shi ka ɗauki wani. Allah ya kawo mana ƙarshen yaƙin nan, ya raya mana zuri'a.